WireGuard ya tashi lafiya a Ubuntu amma intanet ta ɗauke: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A wurin aikinmu an ba ni fayil ɗin WireGuard domin in riƙa shiga sabar ofis daga gida. Laftof ɗina na hannu ne, na ɗora masa Ubuntu 22.04, kuma da hotsfot ɗin wayata nake shiga intanet. Da farko da na buga `sudo wg-quick up wg0` sai ya ce `resolvconf: command not found`, sai na goge layin DNS daga fayil ɗin. Yanzu umarnin yana wucewa ba ƙorafi, amma da zarar ya tashi sai intanet ta ɗauke gaba ɗaya. Idan na buga `sudo wg show` ina ganin `0 B received`, adadin `sent` kuwa sai ƙaruwa yake yi. Abin mamaki, wannan fayil ɗin yana aiki a manhajar WireGuard ta wayata. Na sauke manhajar daga laftof na sake ɗorawa, babu abin da ya canza. Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka kawo abubuwan da mai gyara yake bukata, musamman layin nan na `0 B received` da kuma bayanin cewa fayil ɗin yana aiki a waya. Idan na fahimce ka daidai, matsaloli biyu ne suka haɗu maka, kuma kowace da asalinta. Ta farko ta DNS ce, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi, wadda goge layin ya ɓoye ta kawai, tana nan tana jira. Ta biyu, wadda ita ce ta ɗauke maka intanet, ita ce kwamfutarka tana ta aika wa sabar ofis buƙatar haɗuwa, sabar kuma ba ta amsa ko sau ɗaya ba. Da ta biyun za mu fara, domin muddin ba ta warwaru ba, duk gyaran da za ka yi wa DNS ba za ka ga tasirinsa ba.

Ɗora manhajar ya riga ya kammala

Ka huta da saukewa da sake ɗorawa. Tun watan Maris na 2020, lokacin da aka fitar da Linux 5.6, WireGuard, manhajar VPN da ke shimfiɗa ɓoyayyen bututun bayanai tsakanin na'urarka da sabar, ya zama wani ɓangare na zuciyar tsarin Linux ɗin kansa, bayan shekarun da Jason Donenfeld ya yi yana aiki a kansa. Ubuntu 22.04 ya fito ne da 5.15, saboda haka abin da `apt install wireguard` yake kawo maka kusan kayan aiki ne kawai, wato `wg` da `wg-quick`. Sake ɗora su ba ya taɓa fayil ɗinka da ke `/etc/wireguard/`, ba ya taɓa agogon kwamfutar, ba ya kuma taɓa sabar. Tunda `wg show` yana nuna maka wg0 da lissafin abin da aka aika, wannan matakin ya wuce lafiya.

Kurakuran matakin ɗorawa suna da saukin ganewa domin suna fitowa a rubuce. `Unable to locate package` yawanci na nufin ba a yi `sudo apt update` ba tukuna. `RTNETLINK answers: Operation not supported` na nufin zuciyar tsarin ba ta da WireGuard ko an hana kiransa, abin da aka fi gani a ƙananan sabobin haya masu arha da ke zaune a kan OpenVZ ko LXC. `RTNETLINK answers: Permission denied` a daidai layin da ke sa adireshin IPv6 yana zuwa ne idan an kashe IPv6 a kwamfutar alhali fayil ɗin yana ɗauke da irin wannan adireshi. Sunan fayil ma yana da ƙa'ida: shi ne yake zama sunan mahaɗar, wato `interface` irin wg0, don haka ba zai wuce haruffa 15 ba kafin `.conf`. Babu ko ɗaya daga waɗannan da ya same ka.

Abin da ya sa shirun wg-quick yake yaudarar mutane

Wanda ya saba da OpenVPN, wata manhajar VPN daban, yana jiran ya ga saƙon cewa an haɗu ko an kasa. WireGuard ba haka aka gina shi ba. Umarnin `wg-quick up` aikinsa na cikin gida ne kaɗai: ya ƙirƙiri mahaɗar wg0, ya loda mabuɗai, wato jerin haruffan da kwamfuta da sabar suke gane juna da su, ya sa adireshi, ya shimfiɗa hanyoyin da bayanai za su bi, ya koma. Ba ya jiran amsar sabar ko kaɗan. Ko da an kashe sabar ofis an tafi da ita, umarnin zai wuce lafiya kamar yadda ka gani.

Daga yadda intanet take ɗauke maka gaba ɗaya, kusan tabbas fayil ɗinka yana da `AllowedIPs = 0.0.0.0/0`, wato an ce duk abin da zai fita daga kwamfutar ya bi ta bututun. An karkatar da komai zuwa bututun da ɗaya bakinsa bai buɗe ba, shi ya sa babu shafin da ke zuwa. Da ka buga `sudo wg-quick down wg0` intanet za ta dawo nan take.

Ka sake duba lissafin `sent` da kyau. Saƙon farko na musafaha, wato gaisuwar tantance juna tsakanin kwamfuta da sabar, girmansa bayit 148 ne, kuma idan ba a amsa ba ana maimaita shi kusan duk daƙiƙa 5. Saboda haka a farkon tashi za ka ga 148, sai 296, sai 444, sai 592, sai 740. Amsar sabar kuwa bayit 92 ce. Da ta iso ko sau ɗaya, da `received` ya bar sifili, kuma da wani sabon layi mai suna `latest handshake` ya bayyana. Wannan layin shi ne iyakar da ke raba matsalolin WireGuard gida biyu, kuma shi nake fara tambaya duk lokacin da aka kawo mini irin wannan koke, kafin in saurari sauran bayani.

Wahalar ita ce sabar WireGuard ba ta taɓa cewa "mabuɗinka ba daidai ba ne". Da gangan aka tsara ta ta yi shiru ga duk saƙon da ba ta amince da shi ba, kamar maigadin da ba ya ko motsi idan bai gane muryar mai ƙwanƙwasa ba, domin kada baƙo ya san akwai mutum a ciki. Wannan ya ƙara mata tsaro, amma ya sa dalilai da yawa suna fitowa da fuska ɗaya: mabuɗi mara kyau, adireshin da aka yi kuskure, ƙofar da aka toshe, agogon da ya yi baya, duk `0 B received` ne.

Abin da wayarka ta riga ta tabbatar

Aikin da fayil ɗin yake yi a waya ya rage mana hanya sosai. Ya nuna sabar tana raye, ƙofarta (port) ta UDP, nau'in saƙon da WireGuard yake amfani da shi, a buɗe take, an yi rajistar mabuɗinka a can, kuma kamfanin layinka yana barin irin wannan saƙo ya wuce. Abin da ya rage shi ne bambancin da ke tsakanin waya da laftof, kuma a nan ne nake da babban zato.

Ka sa fayil ɗaya a na'urori biyu. A wurin sabar, mabuɗi shi ne mutum, don haka wayarka da laftof ɗinka abu ɗaya ne a idonta. Kowane saƙon buɗe musafaha yana ɗauke da tambarin lokaci daga agogon na'urar da ta aiko shi, kuma sabar tana riƙe da tambari mafi sabunta da ta taɓa karɓa daga wannan mabuɗin. Duk saƙon da ya zo da lokacin da bai wuce wancan ba, watsi take yi da shi ba tare da ta ce uffan ba, domin ta haka ne take kare kanta daga wanda ya naɗi tsohon saƙo yana sake aikowa. To, waya tana karɓar lokaci daga kamfanin layi, agogonta daidai yake, kuma idan bututun yana aiki tana sabunta musafaha kusan duk minti 2. Idan agogon laftof ɗinka ya yi baya ko da 'yan mintuna ne, saƙonsa kullum tsoho ne a wurin sabar, domin waya ta riga ta gabace shi.

Na ambaci wannan da farko ne saboda ka ce laftof ɗin na hannu ne. Irin waɗannan kwamfutoci sau da yawa ƙaramin batirin da ke riƙe musu agogo ya riga ya mutu, sai lokaci ya riƙa ɓacewa duk sanda caji ya ƙare. A ƙa'ida Ubuntu yana gyara agogonsa da kansa idan ya samu intanet, don haka ba hukunci nake yankewa ba, amma dubawar ba ta cin minti ɗaya, kuma na sha ganin mutum ya kwana yana canza mabuɗai alhali kwanan watan da ke saman allonsa ne ba daidai ba. Ka sauke bututun tukuna, domin yana sama kwamfutar ba za ta iya isa ga sabar lokaci ba. Sai ka buga `timedatectl` ka nemi layin `System clock synchronized`. Idan ya ce `no`, ka buga `sudo timedatectl set-ntp true`, ka ɗan jira, ka kwatanta da agogon wayarka. Yankin lokaci da aka zaɓa ba shi ne abin dubawa ba, ainihin lokacin ne. Wanda yake da Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya ya ƙara lura, domin Windows yana rubuta lokacin gari a agogon na'ura, Linux kuma yana karanta shi a matsayin UTC, abin da ke jawo saɓanin awa ɗaya a Najeriya da Nijar.

Bayan haka ka kashe WireGuard a wayar gaba ɗaya kafin ka tayar da na laftof. Ko da agogo ya daidaita, na'urori biyu masu mabuɗi ɗaya ba za su zauna lafiya tare ba: sabar tana mayar da amsa ne ga adireshin da saƙo ingantacce na ƙarshe ya fito, sai su riƙa ƙwace layin daga juna, kowace ta yi aiki na ɗan lokaci ta tsaya. Gyaran dindindin shi ne laftof ya samu nasa mabuɗin da nasa adireshin cikin bututu. Za ka iya ƙirƙira da kanka:

`umask 077; wg genkey | tee sirri.key | wg pubkey > fili.key`

Abin da ke cikin `fili.key` kaɗai za ka aika wa mai kula da sabar. Na sirrin ba ya barin kwamfutarka.

Idan agogo daidai yake

Sai mu koma kan fayil ɗin, tunda ka buɗe shi ka yi gyara. Kowane mabuɗi haruffa 44 ne, yana ƙarewa da alamar `=`. Idan tsawon ya ragu `wg` zai yi ƙorafi, amma idan harafi ɗaya ne ya musanya, kamar ƙaramin `l` da babban `I`, ko sifili da `O`, yawanci zai karɓa ba musu, sabar ce za ta yi shiru. Wannan yana faruwa ga wanda ya kwafi mabuɗi da hannu daga allon waya. Hanyar dubawa ita ce ka kwatanta mabuɗin fili da `wg show` ya nuna a ƙarƙashin `interface` da wanda manhajar waya take nunawa, sannan ka kwatanta na `peer`. Ka tabbata kuma idan akwai layin `PresharedKey` a waya, yana nan a laftof, domin rashinsa ma yana hana musafaha kammaluwa.

Ka dubi layin `endpoint` a abin da `wg show` ya fitar. Idan suna aka rubuta a fayil maimakon lamba, ana fassara shi zuwa adireshi sau ɗaya ne, lokacin tashi. Wani lokaci sunan yana komawa adireshin IPv6 alhali hotsfot ɗin ba ya kai shi ko'ina. Domin gwaji, ka nemi adireshin IPv4 na sabar ka rubuta shi kai tsaye tare da lambar ƙofar, wadda bisa al'ada 51820 ce sai dai in an canza.

Katangar tsaron kwamfutarka ba kasafai take zama sanadi ba, tunda `ufw` a saitinsa na asali yana barin fita. Inda take zama sanadi shi ne idan ka taɓa ɗora wata manhajar VPN ta kasuwa mai toshe intanet idan bututu ya faɗi, ka cire ta, dokokinta suka saura. `sudo nft list ruleset` zai nuna maka su. Ka kuma gwada wata hanyar intanet daban, ko wayar wani ko wayafai na wani wuri, domin ka cire hotsfot ɗinka daga zargi.

Daga nan abin da za a iya yi daga ɓangarenka ya ƙare, nawa ma haka, tunda ni ba na ganin sabar. Hukuncin ƙarshe yana hannun mai kula da ita, kuma umarni ɗaya ya ishe shi: ya buga `sudo tcpdump -ni any udp port 51820` a daidai lokacin da kake tayar da bututun. Idan bai ga komai yana shigowa ba, saƙonka yana mutuwa ne a hanya. Idan yana ganin saƙonni masu tsawon 148 suna shigowa babu mai 92 da ke fita, sabar ce take ƙin su, wato mabuɗi ne ko lokaci. Idan 92 yana fita amma bai iso gare ka ba, hanyar dawowa ce ta toshe. Idan ya tabbata lokaci ne, misali wata na'ura mai agogon da ya yi gaba ta taɓa amfani da mabuɗin, cire ka da sake saka ka a sabar yana share tambarin da ta riƙe.

Komawa kan DNS

Kuskuren da ka fara gani ya zo ne domin `wg-quick` idan ya ga layin `DNS =` yana kiran wani umarni mai suna `resolvconf`, Ubuntu 22.04 kuma bai zo da shi ba, da `systemd-resolved` yake aiki. Da ka goge layin, kwamfutarka za ta ci gaba da tambayar hotsfot ɗinka sunayen shafuka. Shafukan duniya za su buɗe bayan musafaha ta yiwu, amma sunayen cikin ofis ba za su fassaru ba, kuma kamfanin layinka zai riƙa ganin sunan duk shafin da ka nema, wanda mai yiwuwa shi ne abin da ofishinku yake son kaucewa.

Mutane da yawa suna ɗora `openresolv` ko `resolvconf`, kuma sau da yawa yana yi. Ni ba na fara ba da wannan shawarar a Ubuntu, domin yana iya jawo jayayya kan wanda ke da ikon rubuta `/etc/resolv.conf`, har mutum ya wayi gari babu fassarar suna ko da bututun yana ƙasa. Na fi son a bar layin DNS a goge, a sa wannan a ƙarƙashin `[Interface]`, tare da lambar da ke cikin tsohon layin, wadda za ka samu a manhajar wayarka:

`PostUp = resolvectl dns %i 10.0.0.1; resolvectl domain %i "~."`

Lambar 10.0.0.1 misali ce kawai, ka sa taku. Alamar `%i` tana komawa sunan mahaɗar, `~.` kuma yana nufin duk tambayoyin suna su bi ta bututun. Idan wg0 ya sauka, saitin yana tafiya tare da shi, babu abin da ya saura. `resolvectl status` zai nuna maka ko ya zauna.

Bayan musafaha ta yiwu

Akwai yiwuwar ka ga `latest handshake` amma har yanzu wani abu bai tafi daidai ba, don haka ka gwada a jere. Ka fara da `ping` zuwa adireshin sabar na cikin bututu, sannan zuwa lamba ta waje kamar 1.1.1.1, sannan zuwa suna. Idan na farko ya yi na biyu ya ƙi, aikin sabar ne: ko ba a kunna `net.ipv4.ip_forward` ba, ko dokar MASQUERADE, mai fitar da saƙonninka zuwa intanet da adireshin sabar, tana ambaton `eth0` alhali katin sabar `ens3` ne. Tunda waya tana aiki, da wuya wannan ya same ka, sai dai idan an ba ka sabon adireshi aka manta da saka shi a `AllowedIPs` na ɓangaren sabar. Idan lamba ta yi suna ya ƙi, DNS ne.

Wadda na fi tsammanin za ka haɗu da ita, saboda hotsfot, ita ce ta girman ƙunshin bayanai. Alamarta tana rikita mutane: `ping` yana tafiya, wasu shafuka suna buɗewa, wasu kuma suna ta juyawa ba su ƙarasa ba, SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ya shiga amma ya daskare da zarar an nemi dogon rubutu. Laftof yana ganin wayafai mai ɗaukar bayit 1500, sai `wg-quick` ya cire 80 na lulluɓin WireGuard ya sa 1420, bai san cewa hanyar da ke bayan wayar tana iya zama ƙasa da haka ba. Ƙananan ƙunsoshi suna wucewa, manya suna ɓacewa. Ka gwada `ping -M do -s 1392` zuwa adireshin sabar na cikin bututu, domin 1392 da 28 na kan saƙon su ne 1420. Idan ya ƙi, ka riƙa rage lambar har ya yi, ka ƙara 28, ka rubuta sakamakon a matsayin `MTU`, wato iyakar girman ƙunshi ɗaya. Wanda ba ya son wannan awon ya sa `MTU = 1280` a ƙarƙashin `[Interface]`. Ita ce mafi ƙanƙantar da IPv6 ya yarda da ita, kuma asarar gudun da take jawowa kaɗan ce.

Ka kuma sa `PersistentKeepalive = 25` a ƙarƙashin `[Peer]` idan babu shi. WireGuard ba ya aika komai idan babu abin aikawa, na'urorin kamfanin layi kuma suna mantawa da hanyar UDP da ta yi shiru, sai sabar ta rasa yadda za ta iso gare ka har sai kai ka fara magana. Ƙaramin saƙo duk daƙiƙa 25 yana riƙe hanyar a buɗe.

Wani abu da ba a iya gyarawa daga fayil shi ne wurin da aka toshe UDP gaba ɗaya, kamar wayafai na wasu otal-otal da makarantu. WireGuard da UDP kaɗai yake aiki. A irin wannan wuri sai dai ofishinku ya tanadi wata hanya, misali OpenVPN ta TCP a ƙofa 443, kuma wannan shawara ce ta mai kula da sabar.

Idan za ka aika masa bayani, ka haɗa abin da `sudo wg show` da `timedatectl` suka fitar, da kuma lokacin da ka yi gwajin domin ya duba nasa ɓangaren. `wg show` yana ɓoye mabuɗin sirri da kansa, amma fayil ɗin `wg0.conf` ba ya ɓoyewa, don haka kada ka ɗauki hotonsa ka tura wa kowa. Idan ya riga ya yi yawo a WhatsApp ko imel, ka gaya wa mai kula da sabar ya soke wannan mabuɗin ya ba wayar ma sabo. Ka kulle fayil ɗin da `sudo chmod 600 /etc/wireguard/wg0.conf`. Umarnin `sudo systemctl enable wg-quick@wg0`, wanda ke tayar da bututun duk sanda aka kunna kwamfuta, ka jinkirta shi har sai ka ga musafaha tana yiwuwa a kai a kai, in ba haka ba laftof ɗin zai riƙa tashi babu intanet, kuma ba zai samu damar gyara agogonsa ba.